Yayana Aka Ce Ɗan Kasuwa

Mu biyu ne maza a wajen mahaifinmu, kuma tun ba mu kai ko'ina ba aka yanke wa kowannenmu abin da zai zama. Yayana mai baki ne. In ya shiga wuri, kafin ya fita ya san sunan kowa, ya gano mai neman sayar da abu da mai neman saye, ya haɗa su ya ci la'adarsa. Ni kuwa in baƙo ya yi sallama, wurin ɓuya nake nema. Ina son lissafi, ina son a ƙyale ni ni kaɗai, kuma ba na son abin da zai zo mini ba shiri. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan nuna Yaya ya ce, "Wannan ko a dokar daji ka ajiye shi sai ya tara masu saye." In ya juyo kaina sai ya ce, "Kai kuma riƙe bokonka da kyau, aikin ofis ne naka." Ba da raini yake faɗa ba. Abin da ya gani ya faɗa, ni ma kuma ban taɓa musawa ba.

Haka kuwa aka yi. Na karanta aikin akanta, na samu aiki a wani kamfani, ina zaune lafiya da albashina. Yaya ya faɗa harkoki iri-iri. Ya sayar da wayoyi, ya taɓa sufuri, ya yi dillancin filaye, ya shigo da kayan gyaran motoci. Kowace harka da zafinta take farawa, kuɗi su shigo, mutane su yi ta yaba masa, can kuma sai ka ji shiru, ya koma wata. Ba a taɓa kawo ƙararsa cewa ya cuci wani ba. Abin da ke kashe masa harka shi ne da zarar abu ya daina zama sabo, ransa ya fita daga kansa. Neman kwastoma na farko yana sa shi farin ciki, amma zama a rubuta wa kwastoma na ɗari rasit azaba ce a wurinsa.

Shi ya fara hango harkar wutar sola. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, kuma tun ana tsakiyar faɗuwar ya gane cewa abin da a da sai manyan kamfanoni, nan gaba kaɗan magidanci ma zai iya sawa a gidansa. Ya zo ya same ni, ya ce, "Akawu," don haka yake kirana in yana son wani abu, "ni na san inda kuɗin yake, kai ka san yadda ake tsare shi. Zo mu haɗa." Na ce zan duba. Na zauna na yi lissafin abin da za a kashe da abin da zai iya lalacewa, lissafin kuma ya ce mini kada in shiga. Na shiga duk da haka, saboda yayana ne, amma da sharaɗi ɗaya: ba zan ajiye aikina ba. Da rana ina ofis, da dare ina kan littattafan kamfaninmu.

Wannan sharaɗi ya jawo mini magana sosai. Abokan Yaya suka ce ai wanda ya riƙe albashi da hannu ɗaya bai shigo kasuwa ba, leƙe ya zo yi. Ɗan kasuwa na gaske, a cewarsu, shi ne mai ƙona hanyar komawa. Na daɗe ina jin kamar gaskiyarsu ce. Sai daga baya, da na fara karance-karance a kan waɗanda suka kafa kamfanoni, na ga ashe ba ni kaɗai ba ne. Steve Wozniak, wanda shi ne ya ƙera kwamfutar farko ta Apple, ya ci gaba da aikinsa a Hewlett-Packard bayan an kafa Apple a 1976, sai da aka matsa masa sannan ya bari. Phil Knight ya fara sayar da takalman gudu a 1964, amma ya ci gaba da aikin akanta da koyarwa har zuwa 1969, kuma wannan harka ce ta zama Nike. Wasu masu bincike biyu, Joseph Raffiee da Jie Feng, sun bi diddigin Amurkawa fiye da 5,000, suka wallafa a 2014 cewa waɗanda suka fara kasuwanci suna riƙe da aikinsu, haɗarin rushewar kasuwancinsu ya yi ƙasa da kusan kashi 33 cikin 100 a kan na waɗanda suka ajiye aiki tun ranar farko. Tun a 1980 ma Robert Brockhaus ya gwada son kasada a tsakanin sababbin masu kafa kasuwanci da manajoji masu albashi, bai ga wani bambanci ba.

Da na kai wa Yaya wannan labari ina jin na samu hujja, dariya ya yi ya ce, "To ka karanta na ukunsu?" Yana nufin Ronald Wayne, na uku cikin waɗanda suka kafa Apple, yana da kashi 10 cikin 100 na kamfanin. Ba a yi mako biyu ba ya sayar da kasonsa a kan dala 800, saboda shi ne mai ɗan abin hannu a cikinsu, kuma yana tsoron in bashi ya hau kamfanin kansa za a biyo. Lissafinsa a ranar daidai ne. Har yau in na tsaya jan ƙafa a kan wata shawara, Yaya yakan ce, "Malam Wayne, muna jiranka." Ba na jin daɗi, amma ba ni da amsa.

Dole in faɗi gaskiya a kan Yaya, don kada a ɗauka labarin mai hankali da mai garaje nake bayarwa. Da ni kaɗai ne, da kamfanin nan bai wanzu ba. Akwai wani irin yarda da kai da ya wuce hujja, wanda in babu shi ba wanda zai fara komai. A 1988 Arnold Cooper da abokan aikinsa sun tambayi sababbin 'yan kasuwa kusan 3,000 a Amurka yadda suke ganin damar nasararsu. Kashi 81 cikin 100 suka ce damarsu ta kai bakwai cikin goma ko fiye, kashi 33 kuma suka ce goma cikin goma, wato ba ma zancen faɗuwa. Alhali alƙaluman hukumar ƙididdigar ma'aikata ta ƙasar sun daɗe suna nuna cewa kusan rabin sababbin kasuwanci ba sa kai shekara biyar. Yaya yana cikin 'yan goma cikin goman nan. Yakan shiga ofishin mutumin da ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, ya yi magana kamar mu ne muke yi masa alfarma, ya fito da kwangila. In aka ƙi shi, kafin ya kai bakin ƙofa ya manta. Ni in aka ƙi ni sau ɗaya sai in kwana ina juya maganar. Wannan baiwa ce, ba ni da ita, kuma ban ga alamar zan same ta ba.

Bayan harka ta ɗan miƙe, muka halarci wani taron horar da masu ƙananan kamfanoni. A nan aka raba mana takardar gwajin hali, irin wanda ke kasa mutane gida 16, kowa da haruffansa huɗu. Yaya ya faɗa rukunin da takardar ta laƙaba wa sunan ɗan kasuwa kai tsaye. Ni na faɗa rukunin masu bin ƙa'ida. Mai horarwar ya duba tawa ya yi murmushi ya ce irina ai bincikar kuɗi ya dace da su, in bar masu zuciya su ja gaba. Aka yi dariya, ni ma na taya su.

Amma abin ya tsaya mini a rai har na je na bi asalin gwajin. Wata mata ce mai suna Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara shi a shekarun 1940, bisa tunanin masanin halayya Carl Jung, kuma dukkansu biyu ba ilimin halayyar ɗan Adam suka karanta ba. Babbar matsalarsa ita ce yana tsaga mutane gida biyu a kowane hali: ko kai mai son jama'a ne ko mai son kaɗaici, babu tsakiya, alhali yawancin mutane a tsakiyar suke. Shi ya sa mutane da yawa in suka sake gwajin bayan 'yan makonni sai haruffansu su canja. Masana sun fi dogara da wani ma'auni mai rassa biyar, wanda ba ya sa mutum a akwati sai dai ya nuna inda ya fi karkata: son sabon abu, tsare aiki da cika shi, son shiga jama'a, sauƙin kai da son a zauna lafiya, sai kuma saurin damuwa. A 2006 Hao Zhao da Scott Seibert suka tattara binciken da aka yi a baya suka kwatanta masu kafa kasuwanci da manajoji. Masu kafa kasuwanci sun fi son sabon abu, sun fi tsare aiki, ba su kai manajoji saurin damuwa ba, ba su kuma kai su sauƙin kai ba. A wajen son shiga jama'a kuwa, halin da kowa ya ɗauka shi ne tambarin ɗan kasuwa, ba su ga bambanci ba. Su ma sauran bambance-bambancen ba masu yawa ba ne.

Da na jera abubuwan nan sai na ga an raba mana su ne ni da Yaya. Son sabon abu da rashin damuwa nasa ne. Tsare aiki nawa ne. Saura ɗaya, wato iya ɓata wa mutum rai in ta kama, kuma wannan babu wanda yake da shi a cikinmu. Shi ne kuma ya kusa kai mu ƙasa.

Ga yadda harkar take. Kafin ka sa wa mutum sola, kai za ka fara sayen faifai da batura da injin juya wuta da wayoyi da kuɗinka. Ka biya masu aiki. Kwastoma ya ba da wani abu a farko, ya ce sauran in an gama. An gama, wuta ta kama, yana jin daɗinsa, kai kuma ka koma mai bin bashi. A littafi riba muke ci, kowane wata lissafi yana nuna mun ci gaba, amma asusun banki wayam. Jarinmu gaba ɗaya yana kan rufin gidajen mutane. Wanda bai yi kasuwanci ba yakan ɗauka asara ce kaɗai ke karya ɗan kasuwa. Kamfani yana iya mutuwa yana cin riba, in kuɗin da ke fita sun riga masu shigowa.

Mutane za su zaci Yaya da bakinsa shi zai fi iya karɓo bashi. Ina! Yaya mutum ne mai son a so shi. Zai tafi da fushi, a tare shi da fara'a, a yaba masa, a kawo uzuri, ya dawo ba kuɗi, wani lokacin ma har ya karɓo sabon aiki a kan bashi daga wurin mutumin. Ƙarfin halinsa na fuskantar baƙo ne, ba na ɓata wa sananne ba. Ni kuma kunya ce ke cina. Ina iya rubuta wasiƙa mai kyau, amma in ɗaga waya in ce wa babba "ka biya mu" sai in ji harshena ya yi nauyi.

Ranar da wata ya ƙare ba mu da abin biyan albashi, na gane cewa in ban yi ba babu mai yi. A lokacin ne na ajiye aikin ofis. Na kafa doka cewa ko waya ɗaya ba za ta fita daga sito ba sai kwastoma ya ba da abin da ya rufe kuɗin kaya, ko shi wane ne. Na kuma mayar da kiran masu bashi aikina na farko kowace safiya, tun kafin zuciyata ta samu damar kawo mini dalilin ɗagawa. Nakan rubuta abin da zan faɗa a takarda in ajiye a gabana, in karanta shi kamar ɗan makaranta. In mutum ya ce "sai wani mako", in ce "wace rana a cikin makon?", in rubuta, ranar kuma in sake kira. Ba na ɗaga murya, ba na zagi, amma ba na gajiya. Ashe wannan ya fi tsawa aiki, don mai tsawa yakan huce ya manta, ni kuwa littafina ba ya mantuwa.

Wanda ya fi yi mini wuya wani dattijo ne, aminin mahaifinmu, wanda a hannunsa muka tashi. Da takardar tuni ta isa gare shi sai ya kira ni da kansa. Ya ce, "Ɗan nan, yau ni za ka aiko wa takarda? Da mahaifinka na raye da ba ka yi ba." Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, Allah ya huci zuciyarka. Da kuɗina ne wallahi da ban buɗe baki ba. Haƙƙin yaran da suka hau rufin ne, su ma suna da iyali." Ya yi shiru, ya kashe waya. Ya biya daga baya, amma har ya bar duniya bai sake sakin jiki da ni kamar da ba. Yaya ya yi fushi da ni a kan wannan, ya ce akwai kuɗin da ba a bi. Ni har yanzu ina ganin na yi daidai, kuma har yanzu abin yana damuna, duka biyun a tare. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, amma ba su faɗa mana yadda ake yi da mai mutunci wanda kawai ya saba a ɗaga masa ƙafa ba.

Masu koyar da kasuwanci sukan yi maganar jajircewa da hangen nesa da ƙirƙira, kalmomi masu daɗin ji. Ba kasafai nake jin suna cewa sai ka iya jure wa a ji haushinka ba. Ka ƙi ba abokinka bashi, ka sallami ma'aikacin da kake so saboda aikinsa ba ya kyau, ka gaya wa mai kawo maka kaya cewa ka samu wanda ya fi shi. Mai son kowa ya yabe shi zai iya fara kasuwanci, riƙe shi ne zai gagare shi.

Akwai wani hali kuma da na koyi dubawa wajen ɗaukar ma'aikata. In aiki ya lalace, misali baturi ya mutu kafin lokacinsa, nakan saurari yadda mutum zai ba da labarin. Wani zai ce baturin ne ba shi da kyau, kwastoman ne ya ɗora masa kaya fiye da ƙima, zafi ne ya yi yawa. Duk yana iya zama gaskiya. Wani kuma zai ce, "Da na auna abin da gidan ke ja kafin in haɗa, da na gani." Na biyun nake ɗauka. Wani masani mai suna Julian Rotter ya fito da ma'aunin wannan a 1966: ko mutum yana ganin abin da ke samunsa yana da alaƙa da abin da ya aikata, ko kuwa yana ganin komai daga waje yake zuwa masa. An sha samun cewa masu kafa kasuwanci sun fi karkata ga na farkon. Wani abokina ya taɓa ce mini wannan ai ya yi karo da yarda da ƙaddara. Ni ban ga karon ba. Arziki na Allah ne, babu ja. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Abin da na lura shi ne mutanen da suka fi saurin cewa "haka Allah ya so" a kan waya da ba su ɗaure da kyau ba, su ne kuma suka fi saurin cewa "ni na yi" in aiki ya yi kyau.

In aka tambaye ni wane ne ɗan kasuwa mafi cika da na taɓa aiki da shi, ba Yaya zan ce ba, ba kuma ni ba. Wata yarinya ce da muka ɗauka don amsa waya da karɓar baƙi. Ba mai surutu ba ce, ba kuma mai jin kunya ba, in ka gan ta a taro ba za ka tuna da ita ba. Ba wanda ya sa ta, sai ta fara kiran waɗanda muka yi wa aiki bayan 'yan watanni tana tambayarsu ya wuta. Tana rubuta amsoshinsu. Wata rana ta shigo ofishina da littafinta ta ce, "Yallaɓai, yawancin masu ƙorafi ba kayan ne suka lalace ba. Ƙura ce ta rufe faifan, ko kan baturi ya yi tsatsa. Me zai hana mu riƙa zuwa muna dubawa lokaci-lokaci, su riƙa biyan wani abu a shekara?" Mu da muke ta faman neman sababbin kwastomomi, ba mu taɓa waiwayar tsofaffin ba. Wannan shawara ita ta ba mu kuɗin shiga na farko da ba ya jiran sabuwar kwangila.

Bayan wasu shekaru ta zo ta ce za ta tafi ta kafa nata, na wanke faifai da kula da batura kawai. Na tambaye ta jari. Ta ce ba ta buƙatar mai yawa: tana da sanin aikin, tana da masu gyara biyu da suka yarda su bi ta, ta kuma ware abin da in ya narke ba zai hana ta barci ba. Ban ji daɗin tafiyarta ba, amma na gane tsarin. Saras Sarasvathy, wata malamar jami'a 'yar asalin Indiya da ke koyarwa a Amurka, ta zauna da ƙwararrun masu kafa kamfanoni 27 ta sa su warware matsala suna faɗin tunaninsu a fili. Ta ga ba sa farawa da hasashen ribar da za su ci. Suna farawa da abin da ke hannunsu, wato su wane ne, me suka sani, wa suka sani, sannan su tambayi kansu nawa za su iya asara su tashi. Yarinyar nan ba ta taɓa jin sunan matar ba, amma haka ta yi. Yanzu mu ne muke tura mata aiki.

Halinta na yin abu ba sai an sa ta ba shi ne na fi tunani a kai, don na ɗauka irin abin da ake haihuwar mutum da shi ne. Sai na ci karo da wani gwaji da aka yi a Lome, babban birnin Togo, wanda mujallar Science ta wallafa a 2017. Masu bincike na Bankin Duniya tare da Michael Frese, wani masanin halayya ɗan Jamus, suka ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka koya musu darussan kasuwanci da aka saba, irin su ajiye lissafi da talla. Kashi na biyu aka horar da su a kan hali: fara abu da kanka, hango matsala kafin ta iso, neman abin da zai bambanta ka da maƙwabcinka, da rashin sarewa in an gamu da cikas. Na uku ba a koya musu komai ba. Cikin shekara biyu, ribar waɗanda aka horar a kan hali ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Ta masu darussan da aka saba ta ƙaru da kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a tabbatar cewa ba sa'a ce kawai ta kawo shi ba. A matsayina na akanta abin ya ɗan sosa mini rai, don darasin da na fi ƙauna ne ya sha kaye.

An ce hali zanen dutse. Na yarda da rabin maganar. Ni dai har gobe ba na son taro, ba na son waya, kuma in Yaya ya ja ni wurin manyan mutane nakan dawo gida a gajiye kamar na yi dako. Wannan bai canja ba, na kuma daina jiran ya canja. Abin da ya canja shi ne abin da nake aikatawa duk da haka. Kiran da nake yi da takarda a gabana yanzu ina yinsa ba takarda, ba don na fara jin daɗinsa ba, sai don ya zama aiki kamar kowane aiki. Yaya ma ya ɗan motsa. Bai zama mai son rasit ba, amma ya koyi cewa "bari in tambayi Akawu" kafin ya yi alkawari, kuma ya gano wannan jimla tana cetonsa daga ɓata wa mutane da bakinsa. Ni ne mugun, shi ne na kirki, kowa ya samu abin da ya iya ɗauka.

Wani abu da ba a cika gaya wa matasa ba shi ne ba lallai ne kasuwanci ya fi albashi kawo kuɗi ba. Barton Hamilton ya nuna a wani bincike na shekarar 2000 cewa yawancin masu aikin kansu a Amurka suna samun ƙasa da abin da za su samu da suna aiki a ƙarƙashin wani, amma suna zaune a haka saboda 'yancin. Na ga wannan a gidana. Akwai shekarun da abokan aikina na da suka wuce ni nesa, ga ƙarin girma ga fansho, ni kuma ina kwana ina lissafin albashin wasu. Matata ta taɓa ce mini, "Maigida, da kana da shugaba ɗaya kana dawowa gida da yamma. Yanzu kowane kwastoma shugabanka ne." Ban iya ce mata komai ba. Yaya ba zai iya zama a ƙarƙashin kowa ba, wannan shi ne dalilinsa. Nawa dalilin daban ne: na gaji da ganin ana yin abu ba daidai ba alhali ba ni da ikon gyarawa. Mutum biyu, kamfani ɗaya, abin da ya kawo kowa daban.

Ban kuma shigo da wuri ba, abin da a da nake ɗauka nakasu ne. Labaran da ake yayatawa na samari ne da suka bar jami'a suka yi kuɗi. Amma da Pierre Azoulay da abokan aikinsa suka duba bayanan mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni a Amurka, sun samu matsakaicin shekarunsu wajen 42 ne, na waɗanda kamfanoninsu suka fi saurin bunƙasa kuma 45. Shekarun da na yi ina duba littattafan wasu su suka koya mini yadda kamfani ke rubewa daga ciki tun ana ganinsa lafiya daga waje.

Yanzu haka muna cikin wata sabuwar jayayya. Yaya ya ƙyalla ido a kan haɗa baturan litiyam da kanmu maimakon sayen haɗaɗɗu. Ya riga ya yi magana da masu kawo ƙwayoyin baturin, ya ga wurin da za a kama haya, har suna ya raɗa wa abin. Ni na ce sai mun fara da kaɗan, a ɗaki ɗaya, da kuɗin da na ware, kuma ba za a taɓa asusun albashi ba ko da wasa. Na ce a samo injiniyan da ya taɓa yi, a gwada a ofishinmu tukuna kafin a kai gidan kowa, don baturin da aka haɗa ba daidai ba gobara yake tayarwa. Ya ce kafin in gama gwaje-gwajena wasu sun cinye kasuwar. Na ce in sun cinye mu sayi nasu. Ya kira ni Malam Wayne, na ce na ji. Ya amince da ɗaki ɗaya, ni kuma na ƙara kuɗin da na ware fiye da yadda raina ya so. Injiniyan zai fara aiki wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.